Awo Biyu, Akwati Ɗaya

Ƙarfe tara na safe aka kawo ƙara. Wani ya cire kafasitoci masu kyau, ƙananan sassan da ke daidaita wuta, daga akwatunan wutar da asibiti ta kawo gyara, ya cusa na jabu. Ɗaya daga cikin akwatunan ya ƙona injin ɗumama jarirai. Allah ya rufa asiri, ba jariri a ciki.

Kafin goma an sa wa Auta, mai awo a wurin gyaran, ankwa, don ita ta sa hannu a takardar awo.

Uwarta, Inna mai shara, shekara sha biyu tana share wurin gyaran nan. Ta tare Sufeton 'yan sanda a ƙofa, tsintsiya a hannu.

"Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, amma ban haifi ɓarauniya ba. Kun ga marar gata kun damƙe! Shiga ka duba."

Sufeto ya shiga ɗakin awo. Ya ƙi kujera, sai kai da kawo yake. Ya sa aka kawo Auta.

"Waɗannan na'urori biyun fa?"

"Wannan osiloskop ce, Yallaɓai, tana zana rawar da wuta ke yi. Waccan analaiza, tana rarrabe rawar, ta nuna ƙarfin kowace. Dole bakinsu ya zo ɗaya."

Ya jera takardun akwatin da ya yi ɓarna. Ta osiloskop layi ne kwance kamar ruwan randa. Ta analaiza kuwa, wani tsini ya miƙe har sama.

"Kin ga wannan kika sa hannu?"

"Foman ya ce analaizar ta lalace, in bi ɗayar."

Foman, shugaban ma'aikatan wurin, ya gyara hula. "Tsohuwa ce, Yallaɓai, ƙarya take yi. Ni mako guda ban ma leƙo ɗakin nan ba."

"Ita ce tsohuwa mai ƙarya, ko kai ne tsohon?" in ji Inna daga ƙofa.

Sufeto ya sa aka kwance ankwar, ya ce Auta ta sake awon. Ta ɗauki tsinken awo da ke kai wuta cikin osiloskop, ta tsaya cak.

"An taɓa maɓallinsa! A kan ɗaya nake barinsa, in naɗe da jan salatif. Yanzu yana kan goma. Kowace rawa sai ya rage ta sau goma, osiloskop ba ta sani ba."

Ta mayar da shi. Layin ya hau tsalle, daidai da tsinin analaiza.

"Ina salatif ɗin?"

Inna ta dubi tsintsiyarta. Ta miƙa wa Sufeto gindin tsintsiyar har kusa da hanci. Ga jan salatif ya ɗaure ta, da lamba ɗaya da rubutun Auta.

"Ranar Talata na ɓamɓare shi a gefen teburin wancan Foman ɗin. Har na zage shi a zuciya don ƙazanta."

Sufeto ya jawo aljihun teburin Foman. Kafasitoci masu kyau suka gangaro ƙasa.

Foman ya ce, "Sharrin shaiɗan ne. Na zaci ba wanda zai haɗa takardun biyu."

"Shaiɗan bai san maɓalli ba," Inna ta ce. "Ka so ka kashe 'ya'yan mutane, ka haɗa da tawa."

Ankwar da aka cire wa Auta ita aka ɗaura masa. Suna fita da shi, Inna ta bi bayansu tana share sawunsa har bakin titi.