Kwalaben Ladji a Firijon Inna Bibata

A bakin tafkin Ladji Zulaiha ta fara ganin Muktar. Yana tsaye cikin baƙin ruwa har gwiwa, ledoji da ruɓaɓɓen kifi na yawo a gefensa, yana cika kwalba hankali kwance. Ita kuwa zoɓo mai sanyi ta kawo wa masunta daga Zongo. Ta toshe hanci, ta ce wanda ya sa shi wannan aiki ba ya tsoron Allah. Ya yi dariya ya ce shi ya sa kansa.

Ɗan biro ne, wato ƙaramin ofis, suka buɗe a unguwar Houéyiho, shi da abokinsa Djibril, suna gwada ruwa da ƙasa suna rubuta rahoto. A shekarar suka sami takardar izini, suka sayi moto mai ƙafa biyu, aka kuma ba su babban aikinsu na farko, binciken tafkin. Firijo ne kawai ba su da shi.

Soyayya ta yi nisa, sai wata Asabar ya aiko mata da saƙo: "Zuzu tawa, labon da muke gwaji a rufe yake har Litinin, kwalabe shida za su lalace a zafin nan. Ki ceci masoyinki."

Ta amsa: "Kawo su, nawan. Amma ka yi wanka tukuna."

Ta naɗe su a leda ta cusa ƙarƙashin zoɓon sayarwa, cikin firijon uwarta Inna Bibata. Ƙazanta dai ƙazanta ce, ko masoya suka yi ta.

Gado, wani dillalin shanu da Zulaiha ta daɗe da ƙi, ya zo sayen zoɓo, ya ɗaga ledar ya ga baƙin ruwa. Kafin la'asar duk Zongo ta ji. Masu saye suka watse, Inna ta zubar da zoɓon tana amai, Alhaji Badarou uban yarinyar ya ce kada mai wasa da kwata ya sake taka ƙofarsa.

Muktar ya aiko da ban haƙuri, ya roƙi a bar shi ya gwada ruwan rijiyar gidan da ake haɗa zoɓon da shi, don ya ba Inna takardar da za ta wanke sunanta. Da sakamako ya fito ba kyau, Djibril ya ce masa ya rubuta lafiya lau kawai ya sami mata, wa zai sani. Muktar ya ƙi.

Ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, akwai bayan gida a ruwan nan. Ina jin masai ne ya tsage."

Rijiyar nan mahaifin Alhaji ne ya haƙa ta, da ruwanta Alhaji yake alwala tun yana yaro. Ya miƙe, ya sa a tona tsakaninta da masai don ya ƙaryata yaron a gaban jama'a. Ba a yi nisa ba ƙasa ta zama baƙa, tana tsatsafo da wani wari da ya kori mata zuwa titi. Alhaji ya daɗe yana kallon ramin, ya tofar da yawu.

"Da ka rubuto min ƙarya da na ji daɗi, jikokina su yi ta shan wannan. Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Aka rufe rijiyar da siminti, aka jawo famfo, bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka.