Cikin Hajo

"Cikin wa na, Hajo? Na ce cikin wa na?!"

Ko jakarsa Na'Allah bai sauke ba. Shekara guda da 'yan watanni ya yi a Kurmi yana ƙwadago, tun lokacin da fari ya ƙone geron ƙauyensu Burkusuma bai ko kai gwiwa ba. Ya dawo da turmin atamfa da ɗoki fal zuciya, sai ya tarar da matarsa zaune a gindin rumbu, hannuwa kamar sillen kara, ƙafafu a kumbure, ciki kuwa tulele a gaba.

"Bagobirina... zamna ka sha ruwa," ta ce, tana jan numfashi da ƙyar.

"Kada ki ƙara kira na hakanga!"

Mahaifiyarsa Inna Tasalla ta leƙo daga ɗaki. "Ni dai shiru niy yi sai ka zo ka gani da idonka. Garin ga kowa ramewa shikai, ita kaɗai ka ƙara girma. Al'ada ma ta daɗe da ɗauke mata."

"Wallahi Inna ban sani ba... ni ma ban san mi as same ni ba..."

"Tashi ki tahi rugarku!"

A ƙofar gida Na'Allah ya tsaya ya faɗi haka, da ƙarfi, daidai lokacin da mata ke wucewa rijiya. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin Hajo ta ja ƙafa ta fita gari, labarin ya riga ta isa.

Wannan fa ita ce Hajon da ya yi damina biyu yana sayen nonon da ba ya sha a kasuwar Sabon Birni, don kawai ta ɗago ta dube shi. 'Yar Fillo yake ce mata. Amma kishi ya hau shi ya yi masa linzami, bai ko lura da leɓɓanta da suka yi duhu ba.

Aka yi ta jiran haihuwa. Watanni suka shuɗe, masu ƙirge suka ƙirga har suka gaji, shiru. Na'Allah ya daina zama majalisa, ga shi ya kasa furta saki, ga shi ya kasa zuwa ruga.

Ran nan da hantsi aka yi sallama. Mahaifin Hajo ne, Baffa Wakili, mutumin da kunyar surukuta ba ta taɓa barin shi ya haɗa ido da Na'Allah ba. Yau kam ido cikin ido.

"Ka biyo ni Sakkwato."

Ya juya ya kama hanya. Sai a mota Na'Allah ya ji daga bakin fasinjoji cewa dattijon ya kaɗa saniyar da fari ya rage masa kasuwa, ya kai 'yarsa asibitin garin Isa, daga can aka tura su gaba.

Ya tarar da ita a gado, an jingina ta da matasai don ba ta iya kwanciya. An soka mata allura a gefen ciki, siririyar roba ta sauka zuwa wata tasa a ƙasa. Ruwa ne ke ɗiga, fatsi-fatsi, har tasar ta kusa cika.

Baffa Wakili ya nuna tasar da sandarsa.

"Matso, Na'Allah. Ga ɗan da kac ce ta yi. Raɗa mashi suna."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige! Ya durƙusa a gaban tasar nan, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Hajo ta juyar da kai bango.

Likita ya kira su ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske. Ya ce tarin fuka ne ya shiga jakar da ke lulluɓe da zuciya, ta yi tauri kamar busasshiyar fata ta ɗaure zuciyar, jini ya kasa komawa, shi ne ruwa ke taruwa a ciki da ƙafafu. Yunwa da ciwo su suka ɗauke mata al'ada.

"Ruwan zai dawo ko mun zuƙe," in ji shi. "Za ta fara shan magani, sannan a kai ta Zariya a tsaga ƙirji a ɓare jakar. Aiki ne mai haɗari, kuma an makara ƙwarai. Ina mijinta yake duk tsawon lokacin nan?"

Tambayar nan ta fi wa Na'Allah mari zafi.

Makonni ya yi yana kwana a barandar asibiti, daga Sakkwato har Zariya. Ya wanke kwano, ya wanke zane, da aka nemi jini ya miƙa hannu yana roƙon a ƙara ɗiba. Hajo ba ta ce masa ci kanka ba.

Ranar aiki, ana tura gadonta, Baffa Wakili ya bi shi da sauri. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba. Ƙofa na shirin rufewa ya ɗaga murya.

"Hajo! Allah shi hisshe ki, Hajo!"

Na'Allah ya kifa kai a bango ya fashe da kuka kamar yaro.

Sai bayan la'asar likita ya fito yana share gumi. Ya ce sun ɓare jakar sannu a hankali, suna ɓarewa suna ganin zuciyar tana buɗewa. Saura addu'a.

Allah Ya karɓa. Da ta fara zama da kanta, kumburi na saɓewa, Na'Allah ya tsugunna a gefen gadon.

"'Yar Fillo... ki yahe mani, hasken idona. Na cuce ki."

Ta daɗe tana kallon sa, hawaye na bin kuncinta.

"Ka tambaye ni na wa na," ta ce a hankali. "Ko sau guda ba ka tambaye ni ina ka yi mani ciwo ba."

"Hajo..."

"A ƙohwar gida kaz zubar da ni, yanzu a ɗaki kaka son ka kwashe? Likita ya ɗinke ƙirji. Sunana hwa?"

Ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi. Saboda haka washegarin komawarsu Burkusuma, Na'Allah ya saɓi tulu da guga ya nufi rijiyar mata, Hajo na biye da shi a hankali cikin sabuwar atamfa. Inna Tasalla ta tare shi a zaure.

"Ɗana, za ka kunyata mu!"

"Mun riga mun kunyata, Inna."

Mata na hango ƙato da tulu suka kwashe da shewa. Ya dire tulun a tsakiyarsu, ya ɗaga murya.

"Ku tsaya ku ji! Ni Na'Allah, ƙarya niy yi wa matata! Ciwon zucciya tay yi, ba ciki ba. Ruwa na anka zuƙe, da idona nig gani. Ku da kunka kai waccan gida-gida, don Allah ku kai wagga!"

Wata tsohuwa, Kande, wadda ta fi kowa yawo da zancen, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya zura guga. Fari ya sa ruwa ya yi nisa, igiya ta yi ta tafiya, ga rashin sabo, ya jawo rabi ya zube. Sai ya ji muryarta a bayansa, ƙasa-ƙasa, da guntuwar dariya cikin kuka.

"Bagobirina... ba haka aka jan guga ba. Sake zurawa, ina nan."