Kwalin Maman Joy

Madam Jennifer ta shigo caji ofis tana jan wata budurwa da mayafi.

"Ga ɓarauniyar! A kulle ta!"

Insifeta Cecilia Rufus ta fito daga ofishinta. "Sake ta, Madam. Nan ba kasuwa ba ce."

Budurwar sunanta Najiba, daga gidansu a Abbare take sayar da atamfa a shafinta na intanet. Jennifer, da take zaune a garin Mutum Biyu, ta sayi ankon zumuntar matan cocinsu a wurinta, ta biya, Najiba ta kai kwalin tasha. Da rana wani ya kira Jennifer, wai direba ne, mota ta lalace a hanya, ta turo kuɗin canjin mota. Tana turawa ya kashe waya. Kwali bai iso ba.

"Mata sun ce ni na cinye," in ji Jennifer. "A coci ba mai gaishe ni!"

"Da wane suna ya kira ki?"

"Maman Joy."

"A shafin fa, wane suna kike amfani da shi?"

"Jennifer."

"A jikin kwali na rubuta Maman Joy, da lambarta, yadda kowa yake yi," in ji Najiba. "Ita ta ce haka aka san ta a tashar can."

"Ke ma kin san sunan ke nan."

"Na sani. Ban ci ba. Ko wuni za ku yi kuna tambaya, amsar ke nan, Insifeta."

Cecilia ta lura muryar Najiba ko rawa ba ta yi ba.

A tasha kuwa ba wanda ya matsa wa Cecilia a benci. Direban motar, Maliki, ya amsa gaisuwarta yana goge gilashi.

"Na kai kayan, na sauke."

"Wa ya karɓa?"

Ya ci gaba da goge gilashinsa.

"Malam Maliki, motarka ta lalace ranar?"

"Allah ya kiyaye! Sai bayan la'asar ma na tashi."

"An kira matar da rana tsaka, kana nan tsaye. Ka ga kwalin da idonka?"

Ya jefar da tsumman. "Ni ba na duba kwali. Abin da Tobias ya ɗora mini shi nake ɗauka."

Tobias shi ne mai karɓar saƙo, yana zaune a rumfarsa cikin tulin kwalaye, kowanne da suna da lambar waya ɓaro-ɓaro.

"Madam 'yar sanda, ba ki da aiki ne?" Ya yi dariya, 'yan kamasho suka taya shi. "'Yan matan intanet ɗin nan duk 'yan damfara ne. Yarinyar nan ba ta kawo komai nan ba."

Cecilia ta juya ta tafi. Hujja take so.

A mota ta faɗa wa Najiba shirinta ba ɓoye-ɓoye. "Tobias ba zai sake yi ba sai ya tabbata an rufe magana. Zan kama ki a gabansu. Za su ɗauke ki a waya, su watsa. Idan ba za ki iya ba, ki faɗa."

Najiba ta gyara mayafinta. "Idan na ƙi, sunana ya mutu. Mu je."

Haka aka ratsa da ita tsakiyar tasha da ankwa a hannu. Aka yi mata ihu, wani ya jefe ta da ledar ruwa. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta goge fuska ba.

Da ƙura ta lafa, wani kurtu cikin farin kaya ya kai wa Tobias kwali mai sunan Sumayya. Lambar da ke jiki ta wayar da ke jakar Cecilia ce. Ta zauna bayan rumfar cikin hijabi, kamar fasinja.

Wayar ta yi ƙara.

"Hajiya Sumayya? Direba ne. Wallahi mota ta lalace mana a daji..."

Tana jin muryar a kunnenta, tana kuma jin ta daga bayan langa-langar rumfar. Ta zagayo da wayar a kunne.

"Wane daji, Tobias?"

Ya daskare. Kurtun ya ƙwace wayar hannunsa, wata ƙarama da yake ɓoyewa cikin safa. A ƙarƙashin buhunan rumfar aka zaro kwalin Maman Joy, an farke gefensa.

"Oga Madam, sheɗan ne. Lambobin suna gabana kullum, ba wanda yake tambaya..."

"Mutum nawa ka kira?"

"Ban sani ba. Da yawa."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa mota. 'Yan kamashon da suka yi wa Najiba ihu suka kawar da kai.

Washegari Najiba ta shigo tashar da sabon kwali a ka. Shugaban 'yan kamasho ya tare ta yana murza hannu.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri, ba mu sani ba..."

"Matsa, ina da aiki."

Ta dire kwalin a gaban Maliki. Ba lamba a jikinsa. Ta kira mai kayan, ta miƙa masa wayar.

"Gaya mata sunanka da lambar motarka. Ta ji muryarka da kyau."