Dolkar da Ɗan Dako

Ranar da Dolkar ta fara ganin Birkha, kaya ta fara hangowa kafin mutum. Jakunkunan baƙi uku ne ɗaure a bayansa, yana hawowa matakalar dutse zuwa masaukin baƙi na mahaifinta. Da ya sauke ya ɗago kai, sai ta tsaya sororo da butar shayi a hannu.

"Ƙanwata, shayin nan na sha ne ko na kallo?"

"Na masu ladabi ne," in ji ta, amma ta cika masa kofi har baki.

Tun daga ranar, duk ayarin da ya ɗauko wa kaya sai ya san dabarar da ya yi suka yada zango a ƙauyensu. In ya tafi, ta hau dutsen bayan gida, nan kaɗai waya ke kamawa, ta karanta saƙonninsa. Maya yake kiranta, wato masoyiya a yarensu.

"Maya tawa, yau gadar igiya huɗu na tsallake. A kowacce sunanki nake kira don kada ƙafata ta yi rawa."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen mahaifinta, Baba Tshering, ya ture kwanon dankalinsa.

"Ɗan dako? Mutumin gangare, ba yarenmu ba, ba gona ba dabba? Ga Ngawang mai masauki ɗaki ashirin yana zarya kin ƙi kallonsa. Ba zan yi miki dole ba, amma wannan ba da bakina ba."

Shi kuwa Ngawang bai tsaya jira ba. Ya tare Birkha a hanya ya ce masa an riga an kai giyar neman auren Dolkar, dattawa sun sha.

Sai bayan kwana biyu saƙon Birkha ya shigo mata.

"Na ji an ba da ke. Ba zan tare miki hanya ba. Na karɓi aikin tsallaka mashigar can saman dutse. Ki yafe mini, Maya."

Ta ɗaga kai. Hadari ya riga ya haɗiye ƙololuwar dutsen. Nan take ta rubuta:

"Ƙarya ce! Ba wanda ya sha komai. Don girman Allah ka dawo."

Saƙon ya tafi, amsa ba ta zo ba.

Kwana biyu ƙanƙara na zuba. Dolkar ta ƙona shinkafa, ta fasa kofuna, duk motsin ƙofa sai ta leƙa. Da safiyar kwana na uku ayarin ya sauko a galabaice, babu Birkha.

"Wani tsohon ɗan dako ne numfashinsa ya sarƙe," in ji jagoran. "Birkha ya ce mu sauko da baƙi, shi ba zai bar shi ba."

Ta sa takalmi, ta ɗauki bargo da shayi. Mahaifinta ya tsaya a ƙofa.

"Ina za ki a wannan hali?"

"Inda yake. Baba, ko ka matsa, ko ka biyo ni."

Ya kauce mata. Sannan ya juya ya kwanto babban yak ɗinsu, san nan mai gashi da ke musu dako.

Ƙanƙara har cinya suka yi ta kutsawa, tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Rana ta karkata suka iske su a bukkar makiyaya. Tsohon na lulluɓe da rigar sanyin Birkha, da ransa. Birkha na rungume da shi, leɓɓansa sun tsage.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Amaryar Ngawang ce?"

"Rufe mini baki, sakarai!" Ta fashe da kuka tana murza hannuwansa. "Ba ka iya tambaya ba? Kowa ya faɗa maka magana sai ka tafi ka mutu?"

Tsohon aka ɗora wa yak. Birkha kuwa, Baba Tshering ne ya durƙusa ya goya shi har gida.

Birkha ya rasa yatsu biyu a ƙafa. Da bazara ta buɗe hanya, danginsa suka hauro da tulun giyar neman aure, dattawa suka sha a gaban kowa. Ranar biki, lama, malamin addininsu, ya gama addu'a, Baba Tshering ya rataya wa ango farin gyale, ya riƙe kafaɗunsa.

"Na ce ba ka da komai. Bakina ne ya yi kuskure, ɗana. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare a gidan nan."

Dolkar ta sunkuyar da kai, ta lalubo hannun mijinta ta damƙe.