Jikar Goni Kyari

A shekarar da wayar salula ta shigo Kano, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, Kubura ta ɗauko akwatin takardun kakanta, marigayi Goni Kyari, daga Fagge ta kai ɗakin karatun jami'a. Abdulgani, ma'aikacin sashen tsofaffin rubuce-rubuce, shi ya karɓa. Ya ce zai ƙirga takardun a gabanta. Sau uku yana rasa inda ya tsaya, don idonsa ba a kan takarda yake ba.

"Malam, ko in taya ka?" ta ce, tana danne dariya.

Daga ranar, kullum sai ya samo tambayar da jikar mai takardun kaɗai za ta iya amsawa. Har saƙo ya fara turowa: "Kuburata, yau ma ina tare da rubutun kakanki, amma hankalina yana Fagge."

Magana ta fara kaiwa ga aure, sai ɗakin karatun ya fitar da mujallarsa ɗauke da labarin takardun, Abdulgani ne ya rubuta. A shafin farko an buga: "Taskar Gwani Kyari."

Alhaji Kolo, mahaifin Kubura, ya karanta a shagonsa na Kantin Kwari, ransa ya ɓaci. Su 'yan Barno ne, a wajensu mahaddacin Alƙur'ani Goni ne. Gwani faɗar Kanawa ce.

"Shekara hamsin mahaifina yana gyara wa mutanen garin nan sunansa," ya ce da 'yarsa. "Ya rasu, yaro ya mayar da shi Bakano a takarda. Wanda bai iya sunan gidanmu ba, ba zai shigo gidanmu ba. Ga Abdulƙahhar ɗan maƙwabcina can yana jira."

Kubura ta sha kuka, sannan ta share hawaye ta rubuta wa Abdulgani: "Ba na son kowa sai kai. Amma laifinka ne, masoyi. Ka gyara."

Bai yi musu ba. Ya nemi izinin shugabansa, ya nufi Sabon Gari wajen Okechukwu mai buga takardu.

"Saboda harafi biyu za mu sake bugu gaba ɗaya?" in ji Okechukwu.

"Aurena ne a cikin harafi biyun nan."

"To zauna, Malam."

Mako uku Abdulgani yana bin ofisoshi da gidajen malamai a kan babur, yana karɓe tsohuwar mujalla yana ba da sabuwa. Wasu har suka ce ya zare. Wata ranar Juma'a ya zube tsofaffin a gaban Alhaji Kolo, ya miƙa masa sabuwa, ya durƙusa.

"Baba, saura huɗu ban samu ba. Ina nan ina nema."

Alhaji ya daɗe yana kallon sunan mahaifinsa a sabuwar, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Ranar ɗaurin aure liman ya ɗaga murya: "An ba da auren Kubura, jikar Gwani Kyari..."

"Goni, Allah gafarta Malam!"

Angon ne daga sahun baya, shi da ko tarinsa bai kamata a ji ba. Masallaci ya kaure da dariya. Alhaji Kolo kam bai yi dariya ba. Ya waiwaya ya nemo shi da ido.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Jama'a suka amsa da amin, aka shafa fatiha.