Ƙanzon Zinariya

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru da ita.

A shekarun da kuɗin fetur suka fara malala a ƙasar nan, har masinja ya ajiye keke ya hau babur, an yi wata amarya a Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina, sunanta Zinariya. Mijinta Rabe akawu ne a wani kantin yadi, mutum mai ban dariya, wanda in ya buɗe baki ko mai takaba sai ta rufe fuska ta dara.

Ita kuwa Zinariya ɗiyar Malam Maitama ce na Ƙofar Kaura, gidan da mace ba ta kama sunan miji. A gaban mutane "maigidan" take cewa. Amma in an saki labule tana da sunan da ta raɗa masa: Ƙanzona. Dalili kuwa, lokacin da yake zuwa zance, manne wa zaurensu yake yi kamar ƙanzo a gindin tukunya, sai an kankare shi da kora. Ita kuma duk duniya ba abin da take so irin ƙanzo.

Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida, sai ga shi ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Zinariya! Tashi, tashi, arziki ya zo! Mutanen talabijin na Kaduna sun ɗauke ni wasan kwaikwayo!"

"Kai da kake auna yadi, ina ka iya karatun wasa?"

"Wane karatu? Ba a rubuta komai. Furodusa zai ce, kai ne miji, ke ce mata, kun yi faɗa a kan cefane, bismilla! Kowa ya zaro daga cikinsa."

"To, Allah ya sa alheri," in ji ta. Ba ta tambaye shi daga ina zai riƙa zarowa ba.

Alheri kam an gan shi. Kafin shekara ta zagayo, Rabe ya shigo da mota Fijo fara fat, ga firij, ga talabijin da eriya mai tsawo kamar giginya. Ranar da ake nuna wasansa, tsakar gidan Zinariya cika take da matan unguwa da yara, wasu a kan turmi, wasu a kan katanga.

Wata ranar wasan, bayan magariba, ana cikin kallo, sai matar da ke fitowa a matsayin matar Rabe ta ga ƙadangare, ta ƙwala ihu ta ɗare kan turmi. Aka fashe da dariya, aka juyo ana kallon Zinariya, don kaf unguwar an san ba ta haɗa hanya da ƙadangare. Ita ma ta yi yaƙe. Can sai matar ta langaɓe kai, ta ce, "Haba Ƙanzona, zo ka kore shi mana!"

Tsakar gida ta ɓarke da shewa. Furera, ƙanwar Rabe, ta tafa hannu tana guɗa.

"Ayyiriri! Ashe haka ake ce wa Yaya a ɗaka? Mu a gabanmu sai maigidan, maigidan, kamar ta Allah! Amarya, a sammana ƙanzon mu ɗanɗana!"

Zinariya ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, dariya na biyo ta ta ƙasan ƙyaure.

Da Rabe ya dawo daga Kaduna, yara suka bi motarsa tun daga bakin ganuwa suna "Ƙanzo! Ƙanzo!" yana ɗaga musu hannu. Ya tarar da Zinariya ido ya kumbura.

"Sunan nan ni da kai ne kaɗai muka san shi," in ji ta. "Mi ya sa ka ba wata ta faɗa wa duniya?"

"Haba, dalin! Wasa ne fa. Kin san yadda furodusa ya yi dariya? Har da riƙe ciki! Sori, sori. Ga leshi na sayo miki."

"Leshin zai rufe abin da ka buɗe?"

"Ke dai kin cika kunyar mutanen da. Zamani ya canza."

Ta ce a ranta haƙuri maganin zaman duniya. Amma abin bai tsaya nan ba. In ta ƙona miya ranar Talata, ranar wasa sai an ƙona ta a Kaduna. In ta yi magagin barci, sai ta ji shi a bakin matar nan. Har ta kai in zai shigo sai ta kama bakinta, ta gaishe shi kamar baƙo, ta ajiye abinci ta koma gefe. Gidan biki ta daina zuwa, don tana shiga ake zunɗe. Ga firij cike da nama, ga akwatuna cike da zannuwa, ba inda za ta sa su.

Ana nan sai Allah ya ba ta juna biyu. Kun san cikin fari yadda ake ɓoyonsa. Ko uwar da ta haife ki ba ki iya buɗe baki ki faɗa mata, sai dai ta gani da idonta. Zinariya ta daina son warin daddawa, ta koma cin goruba da farar ƙasa a ɓoye. Shi kaɗai ya sani.

"Don girman Allah," ta ce masa, tana riƙe da bakin rigarsa, "wannan kam ka bar mini shi."

"Na rantse miki," in ji Rabe.

Ya yi niyyar cikawa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ranar da aka kunna masa fitilu, furodusa na cewa, "Yau ba ka da gishiri, Ƙanzo, kawo sabo!" sai bakinsa ya riga hankalinsa. Mako na zagayowa, ga matar talabijin tana toshe hanci daga daddawa, tana gwaguyar goruba a bayan ƙofa.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Hure, ƙanwar Malam Maitama, ta yi sallama fuska a murtuke.

"Ɗauko mayafinki. Malam ya ce in taho da ke."

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Uwarki na gidan suna a Kambarawa, wata da ba ta taɓa gani ba ta ce mata, barka Hajiya, ashe za a yi jika! A bakin bare za ta ji? Tun jiya take kuka. Wuce mu tafi!"

Zinariya ta bi ta tana hawaye. Takaicinta biyu: na abin da ya yi mata, da na zuciyarta da har yanzu ba ta daina son sa ba.

Rabe ya aiko da buhunan shinkafa, aka mayar. Ya aiko da turamen atamfa, aka mayar. Ran nan da la'asar sai ya zo da kansa. Yana faka Fijo, unguwa ta cika: yara, 'yan ga-ruwa, masu tallan goro, har tsofaffin da ke komawa daga masallaci. Zinariya ta laɓe a bayan ƙyauren zaure tana leƙe ta kafar katako.

Malam Maitama ya fito da buzunsa. Maimakon ya ce a shigo, sai ya shimfiɗa shi a ƙofar gida, ya zauna.

Rabe ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya rage murya. "Baba, da mun shiga zaure, maganar ta gida ce."

"Zaure?" in ji Malam. "Ashe ka san amfaninsa? Ni na zaci mutanen zamani sun daina. Kai da ka kai ɗakin ɗiyata Kaduna ka baje shi, mi za ka faɗa da waɗannan ba su riga sun ji ba? Yi maganarka nan."

Rabe ya ce, "Baba, na yi kuskure. Wallahi tun da ta tafi ban..."

"Ƙanzo zai yi wasa!" wani ya yi ihu daga baya. "Ku yi shiru, an fara!"

"Jama'a, don Allah, ba wasa nake ba!"

Aka kwashe da dariya. "Kai, haka yake cewa a talabijin!"

Ya juyo wajen Malam. "Baba, ina son matata. Ku taimake ni, ba ni da kowa sai..." Kuka ya ƙwace masa, na gaske, irin wanda namiji ke yi sau ɗaya a rayuwarsa. Sai wuri ya ɗauki tafi raf-raf-raf! Wata mai tallan ƙosai ta share ƙwallar dariya, ta ce, "Wallahi ya iya! Kamar gaske! A ƙara, Ƙanzo, a ƙara!"

Rabe ya ɗaga kai ya dubi fuskokin nan, kowa baki har kunne. Ba wanda ya yarda hawayensa nasa ne. A bayan ƙyaure, Zinariya ta cusa mayafi a baki don kada a ji nata kukan. Ita kaɗai ce a wurin ta san ba wasa yake ba.

Malam ya naɗe buzunsa. "Abin da ka ɗanɗana yanzu, shi take ci safe da yamma. Ranar da za ka iya zuwa ƙofar nan kai kaɗai, ka zo mu yi magana."

Gwaggo Hure ta so a raba auren kowa ya huta. Zinariya ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, a ba shi lokaci." Aka ce mata ba ta da zuciya. Ta haihu namiji, ta yi wankan jego, ba ta ce a karɓo mata takardar saki ba.

Shi kuwa Rabe ya koma Kaduna ya ce daga yau ba mai sake kiran sa Ƙanzo, kuma ba zai ƙara kawo zancen ɗakinsa ba. Furodusa ya lallaɓa, ya ƙara masa kuɗi, ya yi masa alkawarin fim a Ikko. Ya ƙi. Suka gwada shi a wani wasan, mutane suka ce ba armashi, aka sallame shi. Fijo ta tafi, firij ya bi ta. Ya koma auna yadi. Duniya kuma ba ta da riƙo. Kafin yaron ya fara rarrafe an sami wani sabon mai ban dariya, yara sun koma bin tasa motar.

Wata safiya Zinariya ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ta leƙa ta kafar nan. Rabe ne, shi kaɗai, sai wata akuya da ke cin ɓawon rake a gefe. Malam Maitama ya fito, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya yi murmushi.

"Bismilla, shigo zaure."

Ranar da ta koma ɗakinta, ta tarar ba talabijin, ba eriya, ba kowa a kan katanga. Furera ce kawai ta zo taya shara, tana ta noƙe-noƙe.

"Amarya, a yafe mini. Amma dai... yanzu wane suna za a sa wa Yaya?"

"Maigidan," in ji Zinariya, ta miƙa mata tsintsiya.

Da Furera ta tafi, Zinariya ta saki labule, ta matsa kusa da kunnensa ta raɗa masa sabon suna. Rabe ya yi dariya har da ƙwalla. In kun tambaye ni wane suna ne, ni ma ban sani ba, kuma har suka tsufa ba wanda ya ji shi.

To, 'yan uwa, kun ji. Shahara da dukiya baƙi ne, da rana suke zuwa su tafi da rana. Rufin asiri shi ne ɗan gida. Wanda ya sayar da labulen ɗakinsa don a tafa masa, ranar da zai yi kuka ma tafa masa za a yi. Mai haƙuri kuwa, ko ta daɗe, takan ci ƙanzonta ba mai leƙen tukunyar.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don gizo ba da na yi ƙarya, shi ma na roƙe shi ya rufa mini asiri.