Tausar Kyanwa a Gidan Baffa Jatau

Zan fara da neman afuwa, domin wani sashe na labarin nan ya zube mini a hanya. Na yi yawon neman karatu a garuruwa da yawa, yanzu kuma sunaye suna guje mini in na miƙa hannu. Ban tuna shekarar ba. Ban tuna sunan ƙauyen da Baffa ya nufa ba. Abin da ya rage mini shi ne muryar Yaya Sallau, ɗan Baffana Jatau, da yadda ya sassauta ta a daren da ya ba mu labarin.

Muna zaune a tsakar gida bayan tuwon dare. Kyanwar gidan ta hau cinyar Lantana, ƙanwar Yaya Sallau, ta shiga danna mata zane da ƙafafun gaba. Dama, hagu. Dama, hagu. Idonta a lumshe.

"Ke, tafi can!" Lantana ta ture ta. "Kullum sai ta yi wa mutum tausa, kamar an aiko ta."

Yaya Sallau ya dubi ƙofar zaure. "Kada Baba ya gan ki."

"In ya gani fa?"

"Ba zai dake ki ba, sarauniyar tsiwa. Abinci zai gagare shi. Ku matso."

Muka matsa. Ga abin da ya faɗa, iyakar abin da na riƙe.

Lokacin da Inna Tasalla, matar Baffa, ke da tsohon cikin fari, ta tanadi zannuwan jariri a kwando ƙarƙashin gado. Wata kyanwa mai ruwan toka ta shiga ta haihu a kansu. Baffa ya dawo daga gona ya tarar zannuwan sun ɓaci. Ransa ya tashi. Ya kwashe 'ya'yan, ko ido ba su buɗe ba, ya zuba a buhu ya ɗaure baki. Ya kai su kwarin da ke bayan gari, ya ajiye gindin wata kanya. Ai bai kashe su ba. Haka ya riƙa gaya wa kansa.

"Malam, ka mayar mata," in ji Inna. "Dubi nononta yadda ya kumbura."

"Za ta manta," ya ce.

Ba ta manta ba. Ta zaga rumbu, ta zaga turken awaki, tana kira. Da dare ta shiga kwandon ta kwanta ita kaɗai. Daga baya aka daina ganinta.

Inna ta sauka, namiji. Nono bai zo ba. Aka dama kunun kanwa, ta sha har ta gaji. Ungozoma ta yi abin da ta sani. Aka ɗiga wa yaron nonon akuya, ya amayar. Kukansa ya yi ta ƙanƙancewa, har sai mutum ya kai kunne kafin ya ji. Ungozoma ta kira Baffa gefe. Ta ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen gaba da ta iya tausar mai jego. "Ka tafi yanzu. In aka kai gobe, ban san abin da za a tarar ba."

Mahaifina, ƙanensa, ya ɗauko sanda zai raka shi. Baffa ya ce a'a. Hanyar ta gindin kanyar nan take bi, shi kuwa ba ya so ɗan'uwansa ya ga buhun.

Ya tafi shi kaɗai da tocila. Babu farin wata. Da ya gangara kwarin, kwaɗi suka yi shiru.

Wata mace na zaune a gindin kanya. Siririya. Buhun na kan cinyarta.

Ya haska ta. Idanunta suka mayar masa da hasken, kore shar.

"Salamu alaikum, baiwar Allah."

"Sannu, mai buhu."

Muryar ba daga baki take fitowa ba. Daga ƙirji take, da wani ƙugi a ƙasanta, kamar ana niƙa a gida mai nisa.

"Ina za ka?"

"Neman mai tausa. Matata ba nono."

"Ba nono," ta maimaita. "Yaro yana kuka?"

"Ya kusa dainawa."

"Haka suke yi. Da farko da ƙarfi."

Ta ajiye buhun a hankali, kamar mai kwantar da wanda ya yi barci. Ta miƙe. A nan ya ga gaban zanenta a jiƙe yake sharkaf, yana ɗiga.

"Mu je," ta ce.

Lantana ta riƙe hannuna. "Yaya, bai gudu ba?"

"Ya gudu ina? Yi shiru."

Baffa ya juya, matar ta biyo shi. Busassun ganyaye na ƙara ƙarƙashin takalminsa. A bayansa babu ƙara. Ya waiga sau ɗaya. A kan yatsu take tafiya, diddigenta ba ya taɓa ƙasa. Ya so ya karanta abin da ya sani, harshensa ya yi nauyi. Ba tsoro kaɗai ba ne. Ya ji nauyin roƙon tsari daga wadda shi ya cuta.

Ba ta tambayi gidan ba. Da suka iso, shi ya shiga ta zaure. Ita kuwa ta bi ta wata 'yar ɓaraka a darni, wadda ko yaro ba zai wuce ba. Kafin ya kai ƙofar ɗaki, tana ciki.

Ungozoma ta yi barci a zaune. Inna na kwance, yaron a gefenta, bakinsa a bushe. Matar ta durƙusa. Ta ɗora hannu biyu a ƙirjin Inna, yatsu a dunƙule. Ta danna da dama. Ta danna da hagu. Ƙugin nan ya cika ɗakin.

Baffa na tsaye a bakin ƙofa.

"Haka nawa suke yi mini," ta ce, ba ta dube shi ba. "Su ma sai sun danna yake zuwa."

Dama, hagu.

"A cikin buhu ma sun yi. Suna danna juna."

Baffa ya zame ya zauna a ƙasa.

Can Inna ta ja numfashi. "Malam, ya zo." Matar ta ɗauki yaron ta kai shi ga nonon. Ya lalubo, ya kama. Aka ji yana haɗiya.

Baffa bai iya ɗaga kai ba. "Me zan ba ki?"

"Abin da nake so ba ka da shi."

"Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Na yi," ta ce. "Ka je ka ɗauko buhunka. Ka kwance bakin kafin ka rufe su."

Ta fita. Da gari ya waye aka ga sawu a kan tokar murhu, ƙanana, daga ƙofar ɗaki zuwa ɓarakar darni. Baffa ya ɗauki fartanya ya koma kwari. Wannan karon ya kira ƙanensa, ya nuna masa komai.

Lantana ta ce, "Yaron ya rayu?"

"Wa yake ba ki labari, wawuya?"

Babu wanda ya yi dariya.

"Shi ya sa suke tausa," in ji Yaya Sallau. "Uwa suke nema. In ta hau cinyarki, ta ɗauke ki uwa ce. Kada ki ture ta. Kuma kada wanda ya bi kwarin nan shi kaɗai bayan magariba. Ba ta taɓa cutar da kowa ba. Amma tana kiran mutum da sunan abin da ya ɓoye."

Sai muka ji tari a ƙofar zaure. Baffa ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi, kyanwar da Lantana ta ture ta je ta hau cinyarsa ta fara. Dama, hagu. Ya juya fuska ga bango, ya bar ta har ta gama. Tuwonsa na nan a rufe har safe.

Ban san ko aljana ce ba. Allah ne masanin abin da ke ɓoye, ni kuma na gaya muku ƙwaƙwalwata ta yi rauni. Amma abu ɗaya na tabbatar da idona. Shekaru bayan haka na sauka a zauren wani malami a wani gari, wata kyanwa ta haihu a bayan tulun ruwa. Na zauna ina kallo. 'Ya'yan, ido a rufe, kowanne ya kama nono ya ɗora ƙafafun gaba a cikin uwar yana dannawa, dama, hagu, har nono ya sauko.